Launin Fata da Awon Jini a Tsaye: Tarken Wasu Nazarce-Nazarce ta Fuskar Manoman Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungoggo da Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Makoɗa da Ɗambatta, ya san kukan nan da manoma kan yi a lokacin noman firi. Mutum ya daɗe sunkuye yana nome ciyawa, da ya ɗago sai idonsa ya yi duhu, jiri ya ɗebe shi, sai ya tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya dawo hayyacinsa. Haka nan tsoho kan tashi daga shimfiɗa da asuba ya dafa bango, mai ciki kuma kan miƙe daga bakin murhu ta koma ta zauna ba shiri. Bahaushe yana kiran wannan hali jiri, ko juwa, ko hajijiya. Likitoci kuwa suna danganta yawancinsa da yadda matsin jini da bugun zuciya ke sauyawa sa'ad da mutum ya miƙe tsaye.

Tun daga farkon shekarun 1990 aka yi ta buga nazarce-nazarce a Amurka waɗanda suka kwatanta baƙaƙen fata da fararen fata ta wannan fuska, kuma yawancinsu sun ce akwai bambanci tsakanin jinsunan biyu. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu shi ne aikinmu na koyar da ilmin jikin ɗan Adam a kwalejin horon malamai. Mun sha cin karo, a takardun jarrabawa da kuma wajen tattaunawa a aji, da ɗalibai masu cewa "jinin baƙar fata ya fi ƙarfi", don haka bai cika faɗuwa ba. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su koyar a makarantun ƙauyukan da muka ambata, wasunsu ma su ne za a riƙa tambaya idan wani ya yanke jiki ya faɗi.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken waɗannan nazarce-nazarce, ta auna ko abin da suka gano zai iya hawa kan manomin karkarar Kano. Za mu fara da bayanin abin da ke faruwa a jiki, sa'an nan mu kawo abin da masu binciken suka faɗa, daga nan mu feɗe hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Abin da ke Faruwa Idan Mutum ya Miƙe

Sa'ad da mutum yake kwance, jininsa yana bazuwa daidai wa daida daga kai zuwa ƙafa. Da zarar ya miƙe, sai nauyi ya janye jini mai yawan rabin lita zuwa lita 1 ya tara shi a ƙafafu da cikin ciki. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu ke nan, abin da take turawa zuwa ƙwaƙwalwa shi ma ya ragu. Amma akwai wasu jijiyoyi masu sansano matsin jini a jikin manyan hanyoyin jini na wuya da na saman zuciya. Su ne ke kai rahoto ga ƙwaƙwalwa cikin ƙiftawar ido, ita kuma ta ba da umurni zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke. Ga mai lafiya, bugun zuciya kan ƙaru da kimanin 10 zuwa 20 a minti guda, lambar sama ta awon jini ta ɗan sauka ko ta tsaya yadda take, lambar ƙasa kuma ta ɗan hau.

Idan wannan tsari ya gaza, sai jini ya faɗi. Likitoci biyu, Bradbury da Eggleston, sun bayyana irin wannan cuta tun a shekarar 1925. A 1996 ƙungiyoyin masana jijiyoyi na Amurka suka daidaita a kan ma'auni guda, wanda aka sake tabbatarwa a 2011: idan lambar sama ta sauka da maki 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da maki 10 ko fiye, cikin minti 3 da miƙewa, to, mutum yana da faɗuwar jini ta tsayuwa.

Ya kamata mu lura da abu guda tun daga nan, domin a kansa tarkenmu ya dogara. Wannan awo yana sauyawa da yawan ruwan da ke jikin mutum a ranar, da gishirin da yake ci, da zafin gari, da shekarunsa, da magungunan da yake sha, da cututtuka irin su ciwon sukari, har ma da ko ya ci abinci kafin a auna shi. Mutum guda kan ba da lamba dabam da safe, wata dabam da yamma.

3.0 Abin da Nazarce-Nazarcen Suka Faɗa

Za mu taƙaita a kan ayyuka huɗu. Strogatz da abokan aikinsa (1991) sun auna tsofaffi baƙaƙe da farare a Amurka, suka iske faɗuwar jini ta tsayuwa ta fi yawa ga fararen. Hinds da Stachenfeld (2010) sun yi gwaji a kan 'yan mata, inda suka yi amfani da wata na'ura mai zuƙo jini zuwa ƙafafu tamkar mutum yana tsaye, suka ce baƙaƙen sun fi fararen juriya kafin su kai ga alamun suma. Okada da Fu da abokansu (2012), a birnin Dallas, sun ba da rahoton cewa idan aka tayar da tsofaffi baƙaƙe, saƙon da jijiyoyinsu ke aikawa don tsuke hanyoyin jini bai kai na farare ƙaruwa ba, amma duk da haka jininsu ya fi hawa.

Na huɗu shi ne babban binciken nan da ake kira ARIC, wanda aka fara a 1987 da mutum 15,792 masu shekara 45 zuwa 64 a yankuna huɗu na Amurka. An iske kimanin kashi 5 cikin 100 nasu suna da faɗuwar jini ta tsayuwa, kuma da aka bi su shekara da shekaru sai aka ga sun fi saura kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan bincike ya zama rijiyar da marubuta da yawa ke ɗiba idan suna son kwatanta baƙi da fari.

Adalci ne mu faɗa cewa waɗannan ayyuka na ƙwararru ne, an yi su da kayan aiki masu inganci, kuma ukun farko sun fuskanci alƙibla guda, watau jinin baƙaƙen Amurka ya fi tsayawa ko hawa idan sun miƙe. Ruwa ba ya tsami banza. Ba mu musanta abin da suka auna ba. Inda muke da ja shi ne sunan da suka raɗa wa dalilin, da kuma nisan da ake son a kai sakamakon.

4.0 Tarke

4.1 Wane ne "Baƙar Fata"?

A irin waɗannan ayyuka, yawanci tambayar mutum ake yi wane jinsi ne shi, abin da ya faɗa shi za a rubuta. Babu wani awo na jini ko na ƙwayoyin gado da aka yi don tabbatar da rabon. Ke nan rukunin da aka gina binciken a kansa rukuni ne na zamantakewa, wanda tarihin Amurka ya haifar. An kuma tabbatar da cewa, a matsakaicin lissafi, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na asalin baƙaƙen Amurka daga Turai yake.

Tun a 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado na ɗan Adam a cikin kowace al'umma yake, ɗan ƙalilan ne kawai ke raba manyan jinsuna. Binciken Sarah Tishkoff da abokanta (2009) ya ƙara tabbatar da cewa babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambanta da juna. Misali na kusa shi ne aikin Modiano (1996) a Burkina Faso, wanda ya iske Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi juriya ga zazzaɓin cizon sauro, alhali sauro ɗaya ke cizonsu. A ma'aunin Amurka, Bafulatani da Bamoshe duk "baƙar fata" ne.

Ga wani misali daga ƙasarmu. A binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki daga 1969 zuwa 1976, lokacin Garki tana cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, Fleming da abokansa sun iske kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da sikila, kuma fiye da mutum 1 cikin 4 na manya yana ɗauke da rabin gadonta. A cikin baƙaƙen Amurka kuwa, masu ɗauke da rabin gadon kimanin 8 ne cikin 100. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye, domin an san ƙodar mai ɗauke da gadon sikila ba ta cika iya riƙe ruwa kamar ta saura ba. To, ko ta fuskar gado kaɗai, mutumin Ɗambatta da na Dallas ba a kwano ɗaya suke ba. Kama da wane ba ta wane.

4.2 Launi ko Mazauni?

A binciken ARIC, dukan waɗanda aka ɗauka daga birnin Jackson na Jihar Misisipi baƙaƙe ne, kuma su ne mafi yawan baƙaƙen da ke cikin binciken. Waɗanda aka ɗauka daga kewayen Minneapolis da kuma gundumar Washington ta Jihar Maryland kusan dukansu farare ne. Saboda haka duk sa'ad da aka kwatanta baƙi da fari a cikinsa, an kwatanta kudu da arewa ne, da cimar wani wuri da ta wani, da samun wani da na wani. Tamkar a auna mutanen Fagge da na Argungu ne, sa'an nan a ce duk bambancin da aka gani na ƙabila ne, a manta da cewa waɗannan 'yan kasuwa ne a birni, waɗancan kuwa masunta ne da manoman fadama.

Akwai hanyar warware wannan ƙulli, an kuma bi ta. Richard Cooper da Charles Rotimi da abokansu (1997) sun auna mutum fiye da 10,000 masu asalin Afirka ta Yamma a wurare bakwai, da ma'auni iri ɗaya. Masu hawan jini sun kai kashi 16 cikin 100 a Nijeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Asali ɗaya, sakamako uku, kuma hawan ya bi sawun ƙiba da yawan cin gishiri. A 2005 Cooper ya faɗaɗa kwatancin, aka ga Jamusawa sun zarce baƙaƙen Amurka yawan hawan jini, 'yan Nijeriya kuwa su ne a ƙasa. Tun kafin wannan, Donnison (1929) ya ce kusan bai ci karo da hawan jini ba a majiyyatan da ya duba a yammacin Kenya, sa'an nan Poulter (1990) ya nuna cewa 'yan ƙabilar Luwo da suka baro ƙauyukan wannan yanki zuwa Nairobi jininsu ya fara hawa cikin 'yan watanni.

Dangantakar wannan da batun tsayuwa a fili take. Mutumin da ya daɗe da hawan jini, hanyoyin jininsa sukan sandare, jijiyoyin da ke sansano matsin jini su dakushe, yadda jikinsa ke amsa tsayuwa ya sauya. Mai yawan cin gishiri kuma ruwan jikinsa ya fi yawa, don haka jininsa bai cika faɗuwa ba. Abin da aka rubuta da sunan launi, mai yiwuwa ne sawun cima da mazauni da daɗaɗɗen hawan jini ne.

4.3 Hasashen Bauta da Gishiri

Da aka rasa hujjar gado bayyananniya, sai aka nemo ta a tarihi. Wilson da Grim (1991) sun yi hasashen cewa bayin da aka tsallaka da su Tekun Atlantika sun yi ta mutuwa saboda gudawa da amai da ƙishirwa, waɗanda suka tsira su ne masu jikin da ke riƙe gishiri, su kuma suka gadar wa zuriyarsu wannan hali. Akwai kuma masu ƙarawa da cewa dama gishiri ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Masanin tarihin cinikin bayi, Philip Curtin (1992), ya rushe wannan magana, ya nuna cewa yawan mace-macen da musabbabansu ba su dace da hasashen ba, kuma gishiri bai yi ƙarancin da ake faɗa ba.

Mu a ƙasar Hausa ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ayarin raƙuman Buzaye ya daɗe yana sauke kantun gishirin Bilma da Fachi a kasuwannin Kano, ga mangul daga ƙasar Manga, ga kanwa iri-iri daga Barno da Tafkin Chadi, kamar yadda Paul Lovejoy (1986) ya yi bayani filla-filla. Daɗin daɗawa, ko da hasashen ya tabbata, to, a kan zuriyar waɗanda suka tsallaka teku yake magana. Kakannin manomin Bichi ba su shiga jirgin ba.

4.4 Yadda Aka Tsayar da Mutanen

A ɗakin gwaji, akan kwantar da mutum na minti 10 ko 20 a ɗaki mai sanyi, sa'an nan a karkata gadon da aka ɗaure shi a kai har ya kusa miƙewa, ko kuwa a sa shi cikin na'urar zuƙo jini. Ana yin haka ne da gangan domin a hana naman ƙafa aiki, tun da motsin ƙafa yana tura jini sama. Dabara ce mai kyau ga mai son nazarin jijiyoyi zalla. Amma irin waɗannan gwaje-gwaje masu tsada a kan mutane 'yan ƙalilan akan yi su, waɗanda suka kawo kansu, kuma ba a gina hukunci a kan miliyoyin jama'a da su.

Ban da haka, manomin karkara ba daga gado mai karkata yake tashi ba. Daga tsuguno yake tashi, ko daga sunkuyo, ko daga durƙuson gaisuwa, ko daga zaman tabarma. An san cewa tsuguno yana matse jijiyoyin ƙafa ya tura jini zuwa zuciya, idan kuma aka zabura daga gare shi jini kan faɗi farat ɗaya fiye da na wanda ya tashi daga kwance. Ma'aunin 2011 ya ware wa wannan faɗuwa ta farko gurbi na dabam, watau saukar lambar sama da fiye da maki 40 cikin daƙiƙa 15. Juraschek da abokansa (2017), da suka sake duba alƙaluman ARIC ɗin kansa, sun iske awon da aka yi cikin minti na farko shi ya fi dacewa da kukan jiri da kuma faɗuwar da mutane suka yi daga baya. Wanda ya jira sai minti na uku, jirin manomi ya riga ya wuce shi.

Har ila yau, Musulmi baligi yana yin raka'a 17 ta farilla kowace rana, ban da nafiloli, yana ruku'u da sujada da zama da miƙewa tun yana yaro har tsufa. Al'ummar da jikinta ya saba da wannan ta cancanci a auna ta da kanta.

4.5 Abubuwan da Karkara ke Ɗora wa Jiki

Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun a shekarun 1960, ya bayyana ta a matsayin ƙasa mai cunkoson jama'a, inda ɗaruruwan mutane ke zaune a kowace murabba'in kilomita, ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki, a kuma biya ta da aikin hannu. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona ɗaya, daga sharar gona zuwa kai taki, zuwa shuka da firi da maimai da huɗa. Galibin wannan aiki a sunkuye ake yin sa, a cikin rana.

A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Mai aikin ƙarfi a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi lita 1 ko fiye a sa'a guda, ga shi zafi yana buɗe hanyoyin jinin fata, jini ya ƙara nisa da ƙwaƙwalwa. A shekarun 2021 zuwa 2023 azumin Ramalana ya ratsa watan Afrilu, mutane suka riƙa yin sa'a 13 zuwa 14 ba ruwa. Sai a haɗa da gudawar yara da manya a farkon damina, da zazzaɓin cizon sauro a ƙarshenta, da ƙarancin jini ga mata masu ciki da masu jego. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage ruwan jiki ko ƙarfin jini, kowane kuma ya isa ya kayar da mutum ko da wane irin launi gare shi. Masu gwajin Amurka kuwa sukan cire marasa lafiya da masu ciki daga lissafi tun farko, su kuma tabbatar wanda za a auna ya huta, ba ya cikin ƙishirwa. Watau sun kawar da ainihin abubuwan da suka fi damun mutanenmu.

Kada a ɗauka muna cewa karkara ta tsira daga hawan jini. Ƙididdigar da aka tattara a shekarun 2010 ta nuna kimanin kashi 30 cikin 100 na manyan Nijeriya suna da shi, ƙauyuka ma ba a bar su a baya ba, musamman da dunƙulen ɗanɗano ya shiga kowace tukunya. Wannan ya ƙara wa batun nauyi, domin dattijon da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, yana azumi, yana kuma aikin gona a bazara, ya tara dalilai uku na faɗuwar jini a lokaci guda.

5.0 Darasi Daga Zariya da Kano

Akwai wani bincike na gida da ya dace mu yi koyi da shi. A 1978 Davidson da Parry, na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga nazarinsu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yawaita ƙwarai a ƙasar Zazzau. Ba su tsaya ga cewa matan baƙaƙe ne ba. Sun duba abin da mai jego ke yi, watau wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, suka danganta ciwon da yawan gishirin kanwa da kuma zafi.

Bayan shekaru, Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake bin sawun ciwon a Kano da wasu sassan Nijeriya. Sakamakonsu ya rage wa al'adun jego laifi, ya karkata ga rama da rashin galihu da hawan jini na masu ciki da ƙarancin sinadarin siliniyam. Darasin a nan biyu ne. Na farko, an samu ci gaba ne domin an tambayi abin da za a iya aunawa, kuma a iya sauyawa. Na biyu, ko bayanin da ya dogara da al'ada sai an sake gwada shi, balle wanda ya dogara da launi.

Haka nan gwajin magunguna da Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, wanda aka buga a 2019, an yi shi ne a kan majiyyata 728 a ƙasashe shida na Afirka, har da likita daga Kano cikin masu binciken. An gano cewa haɗin magani mai ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jini a kan haɗin da babu shi. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani, cewa masu hawan jini 'yan asalin Afirka da yawa sinadarin renin ya yi ƙaranci a jininsu. Mun kawo wannan ne don mu nuna ba mu ce gado ba shi da tasiri ba. Abin da muke cewa shi ne, a nemi tasirin a jikin mutanen da za a yi wa magani, a kuma kira shi da sunansa. Su kansu likitocin Amurka, a 2021, sun cire launin fata daga lissafin da suke auna aikin ƙoda da shi.

6.0 Shawarwari

Ga 'yan'uwanmu malamai, muna ba da shawarar a daina koyar da cewa wani jinsi yana da jini mai ƙarfi. A koya wa ɗalibai tsarin da muka bayyana a sashe na 2.0 da abubuwan da ke raunana shi, a kuma sa su gwada da kansu. Ba a buƙatar komai sai ma'aunin jini da agogo. A kwantar da mutum minti 5, a auna jini da bugun zuciya, ya miƙe, a sake aunawa a minti na 1 da na 3. Gani ya kori ji.

Ga ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, duk wanda ya zo da kukan jiri, ko tsohon da ya faɗi, ko wanda aka fara ba maganin hawan jini, a auna shi a kwance da kuma a tsaye. Bugun zuciya yana da labarin da yake bayarwa: idan jini ya faɗi zuciya kuma ta yi sauri ƙwarai, a fara zargin ƙarancin ruwa ko na jini, idan ya faɗi amma bugun bai ƙaru ba, a tura mutum asibiti, domin alama ce ta raunin jijiyoyi, kamar yadda kan faru ga mai daɗaɗɗen ciwon sukari. Kada kuma majiyyaci ya yanke shan maganinsa da kansa saboda jiri, sai ya koma wurin wanda ya rubuta masa.

Ga jami'o'inmu da kwalejojinmu, fili a buɗe yake. A zaɓi ƙauyuka a ƙasashen Makoɗa da Bichi da Minjibir, a auna mutane ɗaya a bazara da damina da hunturu, cikin azumi da bayansa, daga kwance da kuma daga tsuguno, a kwatanta su da 'yan'uwansu na jini da suka koma birni. Irin wannan aiki bai fi ƙarfin kwalejin horon malamai ba, idan ta haɗa kai da likitoci.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa nazarce-nazarcen da suka kwatanta baƙi da fari wajen amsa tsayuwa sun auna abu na gaskiya, amma a kan wasu mutane, a wani wuri, a cikin wani yanayi. Rukunin "baƙar fata" ya yi faɗin da ba zai ɗauki hukuncin ba, launi ya cakuɗe da mazauni, hasashen tarihin da aka jingina shi da shi ya rushe, yadda aka tsayar da mutanen kuma ya saɓa da yadda manomi ke tashi. Haɗarin da muke hange shi ne ma'aikacin lafiya ya ji cewa baƙar fata ba ya faɗuwar jini, sai dattijo ya zo masa da kukan jiri ya sallame shi da maganin ciwon kai, bayan kwana biyu a ji ya faɗi a bakin rijiya ya karya ƙugu. Hausawa sun ce jiki magayi. Idan manomi ya ce idonsa na yin duhu duk sa'ad da ya ɗago daga kunya, abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi a auna, a tayar da shi a sake aunawa, a tambaye shi ruwan da ya sha da maganin da yake kai.